Tashar da ke cikin shinkafa

Taswirar wayata ta ajiye tashar motar Bunkure a tsakiyar gonar shinkafa, gefen magudanar da ke kawo ruwan Tiga. Ƙanena da ya zo daga Zariya ya bi ta tiryan-tiryan, sai ga shi tsaye kan kunya, takalmi duk laka, manoma suna yi masa sannu.

Da daddare na ja ɗigon tashar da yatsa zuwa bakin titi, inda ake lodin tumatir da fasinjan Kano. Sai na tsaya. Gindin darbejiya zan ajiye shi, ko gaban mai shayi? Mu nan, inda ka ɗaga hannu nan mota ke tsayawa.

Na zaɓi mai shayi. Shi ke sanin motar da ta tashi.