Baje Kolin Babura Na Milan, Inda Ake Auna Kai Kafin A Ba Ka Hula

Idan Allah Ya kai ka Milan ta Italiya a watan Nuwamba, mai karatu, kuma kana da sha'awar babur ko da ta kallo ce, nemi jirgin ƙarƙashin ƙasa mai jan layi wanda ke zuwa Rho Fiera, ka zauna har ƙarshen hanya. Ba sai ka tambayi kowa ba. Bi samari da dattawan da ke sanye da rigunan fata, duk wuri ɗaya kuka nufa. Ka dai riƙe rigar sanyi mai kauri, domin sanyin Milan a wannan wata ya fi na Jos cizo.

Sunan taron EICMA. Tun 1914 aka fara shi, kuma a yau yana cikin manyan wuraren baje kolin babura na duniya, inda mutum sama da rabin miliyan ke shiga cikin 'yan kwanaki. Filin da ake yin sa, Fiera Milano, an buɗe shi a 2005. Wata doguwar rumfar gilashi ce ta ratsa tsakiyarsa, tsawonta ya haura kilomita guda, manyan zauruka na jere dama da hagu. Kwanakin farko na 'yan jarida da dillalai ne, sauran na kowa da kowa. Sa takalmi mai daɗin tafiya, don kafin la'asar ƙafa za ta gaya maka.

Abin da ya bambanta wurin nan da kallon hoto a waya shi ne ana barin ka ka hau. Yawancin baburan an kafe su a ƙasa, kana iya ɗarewa ka kama kai, ka matse birki, ka ji yadda sirdin ya karɓe ka. Mutane na bin layi a rumfar Ducati, jajayen baburan Bologna, don kawai su zauna na minti ɗaya a ɗauke su hoto. Ni ma na bi layin. Kyau kam ba a magana, amma zaman na ruf da ciki ne, wuyan hannu ke ɗaukar nauyinka, kuma ban ga inda uwargida za ta zauna da ledar cefane ba. Na hau Africa Twin na Honda, wanda sirdinsa ya kai santimita 85 daga ƙasa, nauyinsa kuma ya ninka na Boxer ɗin da muka saba da shi. Da ƙyar yatsun ƙafata suka taɓa ƙasa. A nan ne mutum ke gane cewa babur kamar takalmi yake. Wanda ba za ka iya dire ƙafa a kansa ba idan yaro ya gifta a lungu, ba naka ba ne, ko da kana da kuɗinsa.

Rumfunan Indiya da na Sin su suka fi kama da gida. Royal Enfield da Hero na nan, ga CFMoto da sauran kamfanonin Sin da suka cika zaure. Ko Benelli, tsohon sunan Italiya, tun 2005 yana hannun wani kamfanin Sin. Duk wanda ya taso yana jin sunan Jincheng a tashar 'yan acaɓa zai yi mamakin inda mutanen nan suka kai.

A waje akwai fili inda ake wasannin tsalle da babur, da kuma wuraren gwaji. Sai ka nuna lasisi, ka sa hannu a takarda, sannan a ba ka makulli. Na gwada wani na lantarki, wanda ba ƙara ba hayaƙi, kana murɗa totur ya fizge ka. Daɗi gare shi, sai dai na tuna da kasuwanninmu inda mai tafiya a ƙasa da kunne yake kauce wa babur. Na kuma gwada wani matsakaici mai birkin ABS a kan kwalta mai ɗan danshi. Na damƙe birkin gaba da ƙarfi, irin damƙar da a kan yashi take kai mutum ƙasa, sai na ji yana bugawa a hannuna, tayar ta ƙi kullewa, babur ya tsaya a miƙe. Na'urar na sakin birkin tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, shi ke nan sirrin. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin baburan da injinsu ya wuce 125cc tun daga 2016. Ƙananan namu na haya ba su da ita, don haka tazarar da kake bari tsakaninka da motar gaba ita ce ABS ɗinka.

Kafin in hau, wanda ke kula da gwajin ya miƙo min wata 'yar hular ƙyalle marar nauyi in sa a ƙarƙashin hular kwano, saboda kawuna da yawa sun riga ni shiga cikinta. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zauren da na fi daɗewa a ciki ba na injuna ba ne, na huluna ne. AGV da Nolan na Italiya, Arai da Shoei na Japan, HJC ta Koriya, da wasu birjik. A rumfa ɗaya an tsaga hula gida biyu don ka ga cikinta. Ɓawon waje mai tauri aikinsa ya baza ƙarfin bugu, ya kuma hana wani abu huda kai. Amma mai ceton rai shi ne farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashinsa, irin wanda ake kare talabijin da shi a kwali, sai dai ya fi shi ƙarfi. Idan kai ya bugi ƙasa, ƙoƙon kai na tsayawa nan take, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da tafiya har ta daki ƙashi daga ciki. Soson yana murƙushewa ya sassauta wannan tsayawar. Da zarar ya murƙushe kuma ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa hular da ta taɓa shan ƙasa da kai a cikinta ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga a waje ba. Ka tuna da haka idan mai gwanjo ya miƙo maka wata mai sheƙi. Hular 'yan gini kuwa, wadda wasu ke kifawa don jami'ai su bar su su wuce, ba ta da wannan soso sam. An yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama.

Ba wanda zai ba ka hula a can sai ya auna kanka. Matar da ta kula da ni ta zagaya tef irin na tela, kamar yatsa biyu sama da gira, ta bayan kai inda ya fi faɗi. Santimita 57 zuwa 58 shi ne matsakaici a wurin yawancin kamfanoni. Da na sa wadda ta zaɓa, sai na ji ta matse kumatuna har ina neman cewa ta yi kaɗan. Ta ce haka ake so, soson kunci yana saki bayan 'yan makonni. Ta ɗaure madaurin, ta nuna min kada fiye da yatsa ɗaya ko biyu su shiga tsakaninsa da haɓa. Sannan ta kama hular da hannu biyu ta juya ta dama da hagu. Idan fatar fuska ta bi hular, ta yi daidai. Idan hular ce kawai ke yawo a kan kai, ta yi yawa. Daga ƙarshe ta sa hannu a ƙeya ta yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. Wadda ta fita a wannan gwaji, a ranar haɗari ma fita za ta yi tun kafin kai ya isa ƙasa. Duk wannan bai ɗauki minti biyar ba, kuma ba abin da ke ciki da ba za ka iya yi a shago a Legas ko Abuja ba.

Duba madaurin da kyau, za ka ga ɗan ƙyallen da aka ɗinka mai harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa. Alamar cewa hular ta ci jarrabawar ƙa'idar Turai ke nan. Idan jerin lambobin da ke biye ya fara da 06, ta bi sabuwar ƙa'idar ECE 22.06, wadda har bugun karkace mai murɗa ƙwaƙwalwa take gwadawa. Harafin P na nufin katangar haɓar ma an gwada ta, J kuwa na hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska. Ni dai mai rufe haɓa nake zaɓa, don mai faɗowa daga babur sau da yawa da fuska yake sauka. Jabun alama na nan a kasuwa, saboda haka haɗa da hankalinka: ɗaga ƙyallen ciki ka taɓa soson. Idan siriri ne, ko ɓawon na lotsawa da ka matsa shi da hannu, ajiye ta.

Binciken likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Mu kuwa mun san tarihinmu da ita. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hula, sai ga wasu 'yan acaɓa da ƙwarya a ka, wasu da tukunya, labarin ya zagaya duniya ana dariya. Amma koken mutane ba duka ne shirme ba. Hula ta yi tsada, zafi ya yi yawa, fasinjoji kuma na ƙyamar sa abin da baƙo ya jiƙa da gumi, suna tsoron makero da ƙuraje. To, ka ga amfanin 'yar hular ƙyallen nan da aka ba ni a wurin gwaji. Telan unguwarku zai ɗinka maka irinta da guntun yadi, ka riƙa yawo da ita a aljihu. Mace mai kallabi ko hijabi marar kauri ta riga ta samu tata, sai dai gammon ɗaurin ɗankwali da tulin kitso a ƙeya suna hana hula zama. Hulunan kirki kuma ƙyallen cikinsu na cirewa, a wanke a shanya.

Zancen zafi shi ya kai ni zauren tufafi. Rigunan fata masu kauri an yi su ne don ƙasar sanyi, wanda ya sa su a watan Afrilu a nan zai cire kafin ya kai mahaɗar farko. Akwai kuma rigunan da ke kumbura da iska kafin mutum ya kai ƙasa, na Dainese da Alpinestars, irin waɗanda aka wajabta wa masu tseren MotoGP tun 2018. Abin kallo ne, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin yawancinmu. Wadda ta shiga raina ita ce rigar raga, wadda iska ke ratsawa kamar taga, amma da matashi mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Na sa ta na tsaya gaban fanka, na ji iska har ƙirji. Sai safar hannu, domin duk mai faɗuwa tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, kuma da hannun nan ake neman abinci. Sai takalmin da ya rufe idon sawu. Silifas a kan babur, ka tambayi duk ma'aikacin ɗakin haɗari abin da yake gani.

Ke kuma uwargida, akwai abin da na tuna da ke a gaban baburan Indiya. A ƙasarsu doka ta tilasta a sa wa babur wata ragar ƙarfe a gefen tayar baya, don kada lafayar matansu ta shiga cikin waya. Gyale, hijabi mai jan ƙasa, abaya, har da babbar rigar maigida, duk abu ɗaya suke yi idan taya ta kama bakinsu: su shaƙe wuya ko su fizgo mutum ƙasa ta baya. Mai walda zai iya haɗa irin ragar nan, kafin nan kuma a tattare mayafi a cinya tun babur bai tashi ba. A lura da salansa ma, wanda ke gefen dama a yawancin baburanmu, shi ke ƙona ƙafafun yara wajen hawa da sauka. A saba musu da bi ta hagu.

Na ga hulunan yara jere a bango, ƙanana marasa nauyi, wani uba na tsugune yana gwada wa 'yarsa ɗaya bayan ɗaya. Hular babba a kan yaro ba ta tsare shi, tana yawo, nauyinta kuma ya fi ƙarfin wuyansa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin fasinja ba, ko wanda barci ke ɗauka a hanyar makaranta, bai isa zama shi kaɗai a baya ba. Ɗora shi a kan tanki kuwa sa shi ne a inda bugu ke fara isa.

A ƙarƙashin wasu hulunan za ka ga jajayen igiyoyi biyu ƙanana a wajen kunci. Na ma'aikatan agaji ne, suna jan su soson kunci ya fita, hula ta zare ba tare da an murɗa wuya ba. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro su ya shafe ka ko da hularka ba ta da su. Idan ka tarar da wanda ya faɗi, kada ka yi gaggawar tuɓe masa hula ko ka ɗaga shi zaune, domin ƙashin wuya na iya kasancewa a karye, motsi ɗaya ya taɓa laka. Buɗe gilashin gaban, riƙe kan a miƙe, a bar cirewa ga masu horo sai fa idan numfashinsa ya toshe. Wanda ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce lafiyarsa ƙalau ma a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa, ko jini da ruwa daga kunne ko hanci, kowanne daga cikinsu na nufin asibiti a wannan sa'ar, ba gobe da safe ba.