Inda Ruwa Ke Kwana

A Zangon Kwatano aka haife ni, a wani lungu da ake jin kiran salla daga babban masallacin Zango kamar a tsakar gida. Kakanmu daga Maradi ya zo fataucin dabbobi, ya sauka gidan mai masauki, bai koma ba. Da Allah ya nufe ni da karatu mai zurfi, sai na zaɓi digiri na biyu a fannin tsara birane da yankuna. Masu wannan karatu a nan, wasu Jami'ar Abomey-Calavi suke zuwa, wasu su haura Lome, inda makarantar EAMAU ke horar da masu zanen gini da tsara birane daga ƙasashen Afirka da dama. Ni dai na shiga da buri guda: in dawo in gyara unguwarmu.

Dalilina kuwa a fili yake. Kwatano gari ne da aka dasa a kan yashi, tsakanin tekun Atlantika da tafkin Nokoué, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta da gangaren kirki. Mashigin ruwan da ya raba garin biyu, wanda kasuwar Dantokpa ke bakinsa, Faransawa ne suka haƙa shi a 1885. Damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ga shi ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da sama, ba ya barin na sama ya shige da wuri. A 2010 ambaliya ta taɓa mutane wajen 680,000 a faɗin ƙasar Benin. Na ga gidajen da aka ɗora katifa a kan bulo. Saboda haka na ɗauki lungunmu na mayar da shi batun kundin bincikena.

Aikin fili a watan Janairu na yi shi, ana tsakiyar hunturu, ƙasa ta bushe ƙamas. Na sauko da hotunan tauraron ɗan Adam a kwamfuta, na auna faɗin lungu, na ƙirga ƙofofi da rijiyoyi. A bayan gidan kawuna akwai wani ɗan fili mai kwari, ba gini, ba shuka, sai ledoji da awaki. A taswirata na shafa masa launin rawaya, na rubuta cewa fili ne da ba a amfani da shi. Malamin da ke duba aikina ya ce in koma in ga wurin da damina kafin in yanke hukunci. Na amsa masa da ladabi, amma a zuciyata na ce: ni da aka yanke wa cibiya a nan, wa zai koya mini Zango?

Filin na kawu ne. Da ya nemi shawarata, ban yi wata-wata ba na ce a cike shi a yi shaguna uku. Na zana masa da hannuna, har da ƙaramar kwata da za ta bi gefe ta faɗa babbar magudana ta bakin titi. Ya ji daɗi ƙwarai, yana gaya wa mutane cewa ɗansa mai karatun gari ne ya tsara.

Ranar da tifa ta fara juye yashi, wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda duk lungu ke kira Inna, ta taso daga gaban kaskon ƙosanta, matsami a hannu, ta tsaya tana kallo. Ta ce da ni, "Ɗan nan, nan fa ruwa ke kwana. In ka hana shi makwanci, gidan wa zai je?" Na buɗe takarda na nuna mata layin kwatar, na ce, "Inna, kada ki damu, an yi lissafi." Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Ta koma wajen wutarta.

Ruwan Yuni ya zo da dare, ya kwana yana zuba. Babbar magudanar da na dogara da ita ta cika maƙil da yashi da shara, maimakon ta karɓi ruwan lungu sai ta riƙa maido shi. Kwarin da ya saba tare shi ya zama tudu. Ruwa ya nemi ƙasa mafi kusa, ita ce ɗakin Inna. Da asuba na same ta tsaye ruwa ya kai mata ƙwauri, jikokinta biyu a kan tebur, buhun wakenta da garin kokonta sun jiƙe, tabarmi na yawo. Jarinta ke nan gaba ɗaya. Ba ta ce mini uffan a kan maganarmu ta baya ba. Bokiti kawai ta miƙo mini, muka yi ta kwarfa har rana ta take. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Laifin nawa ne, ban da wanda zan jingina wa. Na auna gari a wata ɗaya na yanke masa hukuncin shekara. Na zana kwata ban leƙa inda za ta zuba ba. Mafi muni, an gaya mini gaskiya sau biyu, malamina ya faɗa, Inna ta faɗa, na ƙi ji, domin ɗaya ina ganin baƙo ne a unguwar, ɗaya kuma ba ta yi boko ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara da shekaru Inna tana share wannan ruwa, ta san ƙofar da yake fara shiga da kwanakin da yake yi kafin ya janye. Ni ina yaro ina wasa a cikinsa, ita ce ke fama da shi.

Na je na durƙusa gaban kawu na ce shawarata ce ta jawo. Muka mayar wa Inna wakenta da garinta, muka ɗaga mata dokin ƙofa. Shago ɗaya da aka fara ɗora wa bulo muka rushe, aka kwashe yashi, aka mayar wa ruwa rabin makwancinsa. Asarar ta yi wa kawu ciwo, kuma ya ɗauki lokaci kafin ya sake neman shawarata. Kundin kuma na sake shi daga tushe, na ƙara shekara guda. Na bi lungu cikin ruwa da takalmin roba, na zauna da mata masu tuya da masu wanki da ’yan zemijan, wato masu acaɓa, suna nuna mini tabon ruwa a jikin bango, ina aunawa ina rubutawa. A sabuwar taswira, filin nan ya samu sunan aikinsa: matattarar ruwa.

An ƙaddamar da manyan ayyukan magudanai a Kwatano, da tallafin Bankin Duniya da wasu masu ba da rance, kuma garin yana buƙatarsu. Amma babbar magudana ba ta san lungu ba, mutanen lungu ne suka san shi. Haka abin yake a Kano, inda aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kansu, ruwa kuma yana dawowa neman wurinsa duk damina.

Ga ƙannena da ke shirin wannan karatu: ku riƙe lissafi da kwamfuta da kyau, aikin ba ya yiwuwa sai da su. Amma kada ku rubuta cewa wuri ba shi da amfani sai kun gan shi rani da damina, kun kuma tambayi wadda ke share gabansa kowace safiya. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har yau in na ɗauki alƙalami zan ja layi a kan taswira, tambayarta nake fara yi wa kaina: in na hana ruwa makwanci, gidan wa zai je?