Motar da Ba Ta Yoyo Sai da Asuba

A ƙasar Funtua da Malumfashi ba a sayen motar ɗaukar kaya don ado. Daga Oktoba zuwa Janairu ake cin moriyarta: masara ta bushe, waken suya ya isa casa, auduga ta fashe, dawa na jiran lauje, kuma duk buhun da ya kwana a gona rabon gara ne da ɓeraye, wani sa'in har da masu ƙafa biyu. Shi ya sa Kawuna, bayan ya sha fama da tsofaffin a-kori-kura 'yan Kwatano, ya rufe ido a daminar 2023 ya sayi sabuwa dal mai shan dizal daga wani kamfanin dillancin motoci a Kaduna. Ni ke riƙe masa littafin gona da na mota, don haka duk abin da ya biyo baya a gaban idona aka yi shi.

Da lokacin sabis ya yi, direba ya kai ta Kaduna kamar yadda takardar garanti ta gindaya. Can suka ce sun ga famfon ruwan inji yana ɗan tsattsafo, za su canza shi kyauta. Kawu har murna ya yi. Mota ta dawo a wanke tas, daidai shigowar hunturu.

Ba a jima ba direba ya lura ruwa na raguwa, yana kuma ganin ɗigo a ƙasa. Robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto tana da layi biyu, na sama da na ƙasa, kuma ruwan kamfani mai launin hoda da aka cika har layin sama ya gangaro kusa da na ƙasa. Na kira su a waya. Suka ce iska ce da ta maƙale lokacin da aka sake cika inji, tana fita ruwa na maye gurbinta, a ƙara kawai. Wannan ba ƙarya ba ce, haka take faruwa bayan irin wannan gyara. Sai dai iska sau ɗaya take fita ta ƙare, namu ruwan kuwa kowane mako sai an ƙara. Da galan ɗin da suka ba mu ya ƙare, direba ya koma zuba ruwan leda, in yana gona kuma na rijiya.

Aka mai da ta Kaduna. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce ta Giwa da Zariya, sai hantsi ya dubi ludayi ake isa, inji ya ɗau zafi sosai. Suka ɗaga ta sama, suka haska ko'ina, suka bar ta tana aiki har fanka ta yi ta juyi. Ko ɗigo. Suka rubuta cewa ba a ga matsala ba, wani yaro cikinsu ma ya ce wa direba wataƙila ruwan na'urar sanyaya ɗaki yake gani a ƙasa. A cikin hunturun Funtua wa ke kunna ta? Litar dizal a lokacin ta haura naira 1,000, kowace tafiya kuɗin buhuna ce, ga aikin yini ya tafi.

Kuɗin ma ba shi ya fi damun Kawu ba. Gonarsa ɗaya tana wajen Bakori, ɗayar kuwa daga Malumfashi ne ake nausawa yamma, hanyar Ƙanƙara. Tun sace 'yan makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, da abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume ke gani, babu mai son magariba ta riske shi a daji da bonet a buɗe. Direba kan tuƙa ido ɗaya a titi, ɗaya a kan allurar zafi.

Shawara kuwa mun sha ta a tasha. Wannan ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wancan ya ce garin barkono ya fi, wani ya ce garin taba. Duk suna iya toshe ƙaramin rami na ɗan lokaci, kuma duk suna toshe siraran hanyoyin lagireto tare da shi. Masu cewa a cire tamostat su suka fi yawa, wai na ƙasar Turawa ne mai ƙanƙara. Ni dai ban taɓa yarda da wannan ba. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 da ɗoriya kafin ya sake shi, kuma injin da ke yawo da sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Balle ma cire shi bai taɓa hana yoyo ba.

Daga ƙarshe Kawu ya ce mu je wurin Baba, wani dattijon bakanike a Funtua wanda ya koyi sana'a yana yaro a kan taraktocin shirin noma na Bankin Duniya da aka fara a nan a 1975. Tun kafin mu zauna Kawu ya ja masa kunne.

"Baba, don Allah kallo kawai za ka yi. In ka sa sifana, garanti ya tashi."

"Alhaji, ai ido ba ya kwance noti," in ji Baba.

Ya fara da abin da kowa ke tsoro, wato gasket ɗin kan inji. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba cikinsa, ya zaro sandar awo; da ruwa na shiga mai, da ya koma kalar shayi mai madara. Baƙi ne wuluk. Ya sa aka ta da mota, ya tsaya bayan salansa yana kallon hayaƙi, ya tara tafin hannu ya sunsuna. Ya dawo ya zuba wa robar ruwa ido ko zai ga kumfa na tasowa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gefen fasinja ya taɓa, domin akwai ƙaramin lagireto na ɗumama ɗaki a bayan dashbod, in ya tsage nan yake jiƙawa. Ya juya robar murfin lagireto a yatsunsa. Duk lafiya. Sannan ya juya ga direba.

"Yaro, ɗigon da ka ce kana gani, da wane lokaci ne?"

"Da safe, Baba, in na zo ɗumama ta."

"Da rana in ka tsaya a gona fa?"

Direba ya yi shiru, ya ce shi dai bai taɓa gani ba.

Baba ya sa yaransa suka wanke ƙarƙashin inji, ya ja layi da alƙalami a jikin robar ruwa, ya shimfiɗa farin buhun taki a ƙasa ya danne da duwatsu. Ya ce a kori kaji da awaki daga wurin, domin ruwan nan zaƙi gare shi kuma guba ne. Mota ta kwana a garejinsa.

Muna idar da sallar asuba muka iso, sanyi na ratsa ƙashi. A kan buhun ga ɗigo-ɗigo masu launin hoda sun taru wuri ɗaya, faɗinsu bai kai tafin hannu ba. Baba ya kwanta a tabarma da tocila a baki, ya kira ni na leƙa. A inda tiyon ƙasa na lagireto ya shiga bakin ƙarfe, wani ɗigo ya taru yana rawa, ya faɗi, wani ya fara taruwa. Ƙurar hunturu ta riga ta manne a hanyar da yake bi, ta yi siririn layi ja-ja, gefensa kuma busasshen ruwan ya bar ɓawo fari-fari. Ya nuna min abin da ya ɗaure tiyon: zobe ne mai sukurun ɗaurewa, sabo fil. Ya haska na tiyon sama, wanda ba a taɓa ba. Wannan na masana'anta ne, ƙarfe mai tsuke kansa, wanda sai da filaya ake buɗe shi.

Bayaninsa gajere ne. Da suka zo canza famfo, sun cire tiyon ƙasa don ruwa ya zube da sauri, wajen mayarwa suka sa zoben da ya zo hannu. Roba da ƙarfe ba sa motsi daidai da juna. Inji na zafi, komai ya kumbura, baki ya rufe gam. In dare ya yi sanyi roba ta tsuke, zobe mai sukuru ya tsaya inda aka bar shi, sai 'yar kafa ta buɗe. Na asali kuwa yana bin robar duk inda ta je, ta kumbura ya saki, ta tsuke ya matse. Mutanen Kaduna ba su yi mana ƙarya ba da suka ce ba su ga komai ba. Kullum da zafinta muke kai musu ita. Laifinsu a wurina shi ne ba wanda ya tambayi direba abin da Baba ya tambaye shi, alhali shi ke kwana da motar yana tashi da ita.

Wani yaron gareji ya miƙo sukundireba, ya ce juyi biyu ya isa. Baba ya ture hannunsa. Ya ce matsi zai tsai da yoyon na 'yan makonni, sannan bakin zoben ya ci robar, wata rana tiyo ya fashe a hanya da lodi. Ya sa na ɗauki hotuna da waya, da buhun, da zoben, da layin alƙalami wanda ruwa ya riga ya sauka ƙasa da shi.

Wannan karon da ni aka je Kaduna, kuma da yamma muka isa da gangan. Na nuna wa shugaban kanikawansu hotunan.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya muke nema. Motar nan ta kwana a nan, kada a ta da ita, gobe da sassafe a gwada ta da sanyinta."

Ya ɗan ɓata rai, amma ya amince. Da safe suka ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, suka buga iska daidai ƙarfin da aka rubuta a murfi, 1.1. Muna tsaye allurar ta fara sauka a hankali, ruwa ya biyo ƙasan tiyo yana ɗiga a siminti. Mutumin ya kira wanda ya yi aikin farko, suka yi magana ƙasa-ƙasa a gefe. Ba a ce mana a yi haƙuri ba, amma an canza tiyon gaba ɗaya, an sa zobe irin na asali, an zubar da gaurayen ruwan rijiya da na leda, an wanke, an cika da na kamfani, duk a kan garanti.

Kuɗin dizal na zirga-zirga da na hayar motar da ta kwaso mana waken suya daga Malumfashi a kwanakin, Kawu ne ya biya, suna nan a littafi. Baba ya ƙi karɓar ko kwabo, wai bai taɓa komai ba, sai Kawu ya aika masa da buhun masara gida. Motar ta ƙarasa kwasar dawa da auduga, ruwa na kan layin sama har aka shiga bazara.