Bar kwamfutar ta aiko maka imel, kai ka tafi gida

'Yan ajin ƙarshe na ATBU, musamman masu firojet ɗin da sai kwamfuta ta kwashe awanni tana lissafi, wannan naku ne. Ba dole ba ne mutum ya zauna gadin laftof a Gubi har dare, alhali ɗakinsa na Yelwa, motar komawa kuma ba ta jiran kowa. Ni tun zangon da ya wuce kwamfutar ce ke aiko min imel in ta gama.

Inda ake maƙalewa shi ne umarnin mail na Linux. In ka ba shi take da adireshi kawai, tsayawa yake cak yana jiran ka buga saƙon da hannu, ka danna Ctrl+D, sannan ya tura. To a cikin sikirif wa zai danna? Wani abokina ya sa shi a tsakiyar aikinsa, da safe ya tarar abin na nan tsaye tun magariba, rabin lissafin ko farawa bai yi ba, ga malaminsa na jiran babi na huɗu ranar Litinin. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Maganin layi ɗaya ne:

echo "An gama" | mail -s "Firojet" adireshinka

Sandar nan ta tsakiya ita ke miƙa masa saƙon, sai ya daina jiran kibod. Amma fa sai an haɗa laftof ɗin da sabar imel tukuna, ni msmtp na sa.

Masu Python kuwa smtplib ya ishe ku, ta smtp.gmail.com a lamba 587, kawai kada ku sa input() don tambayar kalmar sirri, jiran ne zai dawo. Tun 30 ga Mayu 2022 Gmail ya daina karɓar kalmar sirrinka ta yau da kullum daga irin waɗannan shirye-shirye. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ciro App Password mai haruffa 16.

Don Allah kada ka rubuta ta cikin kod ɗin ka ɗora a GitHub. Yawancinmu imel ɗin da muka yi JAMB da shi, shi ne na banki, shi kuma za mu kai NYSC. Buɗe sabo na firojet kaɗai, kalmar kuma ka karanto ta da os.environ.

Sai maganar wuta. In an ɗauke, batir ya mutu, babu saƙon da zai zo. Shi ya sa nawa ke aikowa bayan kowane mataki, in na ji shiru na san inda ya tsaya.