Awakin Hajiya

Asabar

Bayan azahar muka kai matata Hajiya makwancinta a maƙabartar hanyar Zariya. Kafin mu gama shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gidanmu na Gangare, awaki sun cika unguwa da kuka, don tun daren jiya ba wanda ya leƙa turke. Auta ta share hawaye ta kai musu dusa. Babbar akuyar ta shinshina ta kau da kai, sai da aka barbaɗa kanwa yadda Hajiya take yi sannan ta ci.

Lahadi

Sanyin Disamba ya sauko sosai. Da asuba na tarar da kyanwa a naɗe kan sallayarta. Kishiya take kiranta, wai ita kaɗai ce kishiyar da ta amince ta shigo gidan nan, tunda aƙalla tana kama ɓera. Bunsuru kuwa Ciyaman ne, shi ke fara cin harawa kuma ba a taɓa ganin aikinsa ba. Zakara shi ne Ladan Makara, ba ya cara sai an sallame sallah. Matan da suka zo gaisuwa suna kuka, ana ambaton sunayen nan sai dariya ta ƙwace musu, su rufe baki da mayafi.

Litinin

Gardama ta tashi a zaure kan addu'ar uku. Ƙanena ɗan Izala ne, ƙungiyar da aka kafa nan Jos a 1978, ya ce ba a yi. Yayanta ɗan ɗariƙa ya ce sai an yi. Babban ɗanmu ya tashi ya ce, “Baba, Kawu, ku gafarce ni. Mama ta san za a yi haka. Cewa ta yi a yi gardamar a tsanake, amma a fara ba awakinta ruwa.” Yayan nata ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kowa ya yi mata addu'a yadda ya iya.

Laraba

Tsohuwar maƙwabciyarmu, 'yar Birom, ta zo daga Bukuru da tukunyar gwaten acca. Ranar Juma'a 7 ga Satumbar 2001, da rikici ya ɓarke, mun bar gidan da muke haya a lokacin da kayan jikinmu kawai. Ni takardu na ɗauka, Hajiya ta goya Auta, ta rungumo kwando da 'ya'yan kyanwa a ciki. Wannan baiwar Allah ce ta kora awakinmu bayan ɗakinta, ta ciyar da su har ƙura ta lafa. Da ta dawo da su, ɗaya ta haihu. Hajiya ta ƙirga ta ce, “Kin ga amanar da ta fi banki, an ajiye an dawo da riba.” Ta bar mata 'yar akuyar. Yau matar ta ce awakin da ke gidanta duk jikokin waccan ne. Mutane da yawa sun daina taka unguwannin juna tun wancan lokaci, su biyun nan ba su daina ba, kuma ban ga taron sulhun da ya kai nasu ba.

Alhamis

Kaza ɗaya ta kwana da saukakkun fukafukai. Fakat ce, cutar da ke share akurki duk hunturu. A bayan ƙofar kicin muka ga kalandar da take yi wa alama duk ranar da ta ɗiga wa kaji rigakafi. Daga Vom ake samo shi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke can tun 1924, wadda yaƙi da bushiyar shanu ya sa aka kafa. Takan haɗa kuɗi da matan layi a sayo kwalba ɗaya a cikin ƙanƙara, a yi wa kajin kowa rana guda, don ta ce fakat ba ta san katanga ba. Shi ya sa suke ce mata Daktan Vom, ita da ko firamare ba ta gama ba. Mun ware kazar.

Juma'a

Jikoki sun tuna yadda take kai su gidan zu na kusa da gidan tarihi da sallah, ta tsaya gaban birai tana gabatar da su a matsayin dangin miji. Lokacin da zaki ya ƙwace daga gandun namun daji na Jos a Disambar 2015 aka harbe shi, gari yana murna, ita ranar tuwo bai shiga bakinta ba.

Lahadi

Malam ya ce dabbobin ma gado ne, sai an yi musu kuɗi an raba. Yaran suka haɗa baki suka ce kowa ya bar kasonsa a turke, Auta ta riƙa kula da su. Gobe za ta je kasuwar 'Yan Shanu sayen harawa. Wanda ya karanta wannan ya sa Hajiya a addu'a. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.