Sabon farashi, tsohon shafi



Mu 'ya'yan 'yan kasuwa da muka taso a Legas, da yawanmu an ɗora mana aikin kula da shafin shago a intanet, don kawai mun gama sakandare kuma mun iya taɓa kwamfuta. Mahaifina wake da albasa yake sayarwa a Mile 12, ni nake sa farashi a shafin da muka gina da WordPress. Kun san kayan nan, farashin safe daban, na yamma daban, gwargwadon motocin da suka sauka daga Arewa.

To akwai abin da nake so mu kiyaye. Saba, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, sau da yawa ba ta haɗa shafi sabo ga kowane baƙo. Takan haɗa sau ɗaya, ta adana kwafi, ta riƙa miƙa wa duk wanda ya zo, don a samu sauri. Wannan ajiya ita ake kira kash. Wani lokaci sai ka canza kuɗin buhu, amma tsohon kwafin yana nan ana rabawa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, kai da ka shiga da lambar sirri galibi sabon shafin kake gani, mai saye a Ibadan kuwa tsoho yake gani.

Danna Ctrl da F5 kwamfutarka kaɗai yake gyarawa, bai taɓa saba. Ga yadda nake yi bayan kowane canji. Mai amfani da WP Super Cache ya danna Delete Cache, mai LiteSpeed Cache ya danna Purge All. Idan shafin yana bi ta Cloudflare, can ma akwai ajiya, a share ta. Daga nan in ari wayar wani in buɗe shafin kamar baƙo. Sai na ga sabon farashi da idona nake tashi.

Baba yakan ce farashin da ka furta alkawari ne. Matar da ta hau mota daga Ikorodu saboda kuɗin da ta gani, ba ruwanta da wani kash. In ta tarar da wani farashi, cewa za ta yi Bahaushe ya yi magana biyu, kuma dukkanmu abin zai shafa.

Allah ya sa albarka a nemanmu. Amin.