Daga Omdurman zuwa Kano: hanyoyin da saƙo ke bi

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Ga wanda fatauci ya kai shi ƙasar da ba tasa ba, rabin zumuntar a saƙo take: lafayar da ka yi wa uwargida alkawari, turaren wutar amarya, takardun yaron da ya gama karatu. Daga 2016 zuwa farkon 2023 na yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Khartoum ina saro lafaya da humra da itacen turare, kuma a tsawon shekarun nan babu hanyar aika kaya da ban gwada ba. Abin da na gani shi zan ba ku labari, don na san da yawa cikin masu karatu suna da ɗan'uwa ko abokin ciniki a can.

Abin da muke kira Khartoum garuruwa uku ne da ruwa ya raba. Akwai Khartoum ɗin kanta inda ofisoshin gwamnati da filin jirgi suke, akwai Bahri ta arewa, sai Omdurman a yammacin kogi. A wurin da ake kira Mogran ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, ga tsibirin Tuti a tsakiya. In ka tsaya kan tsohuwar gadar ƙarfe da ke shiga Omdurman za ka ga ruwan kala biyu suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Wannan rabuwa ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin a lokacin kayan suna Omdurman, a babbar kasuwar garin da Suk Libya, amma ofisoshin aika su yawanci suna ƙetaren ruwa. In ka makara da safe, gada kaɗai za ta cinye maka sa'a guda cikin cunkoso. Ga kuma ranakun hutu: Juma'a da Asabar ne, mako yana farawa ran Lahadi. Baƙo da yawa ya ɗauki kwalinsa ran Asabar ya tarar da ƙofa a rufe.

Mai masaukina a Omdurman dattijo ne Bahaushe, haifaffen can. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya noman auduga a Jazira, zama ya kama shi. Irinsu suna da yawa ƙwarai a Sudan, daga Nyala zuwa Gadarif da Kassala. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma mutanenmu ne suka kafa shi, ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Wani dare muna cin agashe, naman nan mai yajin ƙuli da Hausawa suka koya wa Sudan har ya zama nasu, na tambaye shi yadda suke samun labarin gida a da.

Ya ce, "Ɗana, gidan wayarmu alhazai ne. Malami ya rubuta maka wasiƙa da ajami, ka naɗe ta kamar laya, ka ba mai komawa gida. In bana ka aika, amsa sai ayarin baɗi. Wani lokaci amsar ta zo, wanda aka rubuto wa ya riga mu gidan gaskiya."

Na ce, "Baba, to gidan wayar gwamnati fa?"

Ya yi dariya. "Yana nan. Amma wa zai karanta adireshin ƙauyenmu? Alhaji kuwa ya san gidan, ya san mai gidan."

Gidan wayar gwamnati a can sunansa busta. Babban ofishin yana tsakiyar Khartoum kusa da fadar shugaban ƙasa, tsohon gini ne na dutse tun zamanin Turawa, mai kaurin bango da sanyi a ciki ko da rana ta take. Na Omdurman kuwa yana dab da kasuwa, kuma ya yi suna har unguwar da filin da ke wurin duk Busta ake ce musu. Ka ce wa mai raksha, wato Keke Napep ɗinsu, "Busta" kawai, ba sai ka ƙara bayani ba. A lokacin masu sayar da tsofaffin littattafai suna baje kolinsu a wajen, mata masu shayi suna zaune da kujerunsu ƙanana, ƙamshin jabana da citta yana tashi.

A nan na fara ganin wani abu da ya ba ni sha'awa. Mu muna cewa kan sarki saboda hoton kan sarkin Ingila da ke jikin na zamanin mulkin mallaka. Na Sudan da ya fi shahara babu kan kowane sarki a jikinsa, hoton mai kai wasiƙa ne a kan raƙumi yana sukuwa cikin hamada. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Stanton ne ya zana shi, aka fara amfani da shi a watan Maris na 1898. A jikin buhunan da raƙumin ke ɗauke da su an rubuta Khartoum da Berber, alhali a lokacin Khartoum tana hannun Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, sai a watan Satumba na shekarar aka yi yaƙin Karari Turawa suka ci Omdurman. Hoton raƙumin nan ya daɗe a jikin kan sarkin ƙasar, shekaru da dama. A zamanin da nake zuwa, kamfanin Sudapost ne ke riƙe da harkar gidan waya.

Abu na farko da baƙo zai sani shi ne ba a dogara da a kawo maka wasiƙa har ƙofar gida. Akwatin gidan waya ake haya, kuma akwati ɗaya yakan ɗauki jama'a da yawa: na shago, na masallaci, na makaranta. Kafin yaƙi, ɗaliban Najeriya da ke Jami'ar Ifriƙiya ta Ƙasa da Ƙasa da akwatin jami'ar ake aiko musu. Don haka lambar wayar mai karɓa ta fi sunan titi amfani. Na saba rubuta adireshi sau biyu a jikin kwali, da boko da Larabci, in sa lambar waya da manyan baƙaƙe sama da ƙasa.

Na biyu, ba a zuwa da kwali a liƙe. Ma'aikaci zai buɗe ya duba, ya ɗora a sikeli, sannan a sa salatif a gabanka. Za a ba ka fom ɗin kwastan: ƙarami mai suna CN22 na ƙananan saƙonni ne, babba CN23 na manyan kaya ko masu tsada. Wannan tsari ɗaya ne a Kano da Khartoum da ko'ina, domin duk gidajen wayar suna ƙarƙashin ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a 1874. In ka yi rajista za a ba ka lambar bin sawu mai baƙaƙe da alƙaluma 13: baƙi biyu a farko, alƙaluma tara, sai baƙi biyu na ƙasar da kayan suka fito. Na Sudan yana ƙarewa da SD, namu da NG. In lambar ta fara da R rajista ce, in da E saƙon gaggawa ne na EMS. Kayan da na aika ta wannan hanya, lafaya biyu ko uku da littattafan addini, sun isa hannun NIPOST a Kano, kuɗin kuma bai kai na sauran hanyoyin ba. Sai dai hanya ce ta mai haƙuri. Kada ka bi ta da kayan da aka sa wa rana.

Wata safiya a Busta na tarar da wata Hajiya 'yar Maiduguri a gabana cikin layi, da kwalabe shida na humra an naɗe su cikin zani. Ma'aikacin ya buɗe ɗaya, ya shinshina, ya yaba, sannan ya tura mata abinta.

"Malesh ya Hajja," in ji shi, wato ki yi haƙuri. Ya bayyana mata cewa turare na ruwa mai sinadarin da ke kama wuta ba ya shiga jakar wasiƙa ta jirgi.

Ta juyo gare ni. "Alhaji, don Allah gaya masa na 'yata ne, bikinta saura wata guda."

Na gaya masa. Ya dafa ƙirji, ya ce doka ce ta jirage, ba tasa ba. Ya karɓi dilka da itacen ɗalhi da sandal, ya auna, humrar kuwa ta koma da ita. Gaskiyarsa ce, kuma haka za a gaya maka a kowane gidan waya. Abin da muka fi so daga Sudan shi ne abin da gidan waya ba ya ɗauka. Abin da su kuma suka fi so daga wurinmu, goro, ba ya jure makonni cikin buhun wasiƙa.

Takardu kuwa, irin shaidar kammala karatu ko wakilcin kotu, kamfanoni irin su DHL ake kai wa. Da tsada, amma cikin kwanaki kaɗan sun isa, kuma kana ganin inda suke a wayarka. In kaya ne, ka sani ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Ana auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a ninka su, a raba da 5,000, abin da ya fito shi ne nauyin girma, kuma wanda ya fi yawa tsakaninsa da na sikeli shi za ka biya. Kwali mai santimita 50 ta kowane ɓangare kilo 25 za a lissafa maka, ko da auduga ce a ciki. Lafaya ba ta da nauyi amma tana da cika wuri, don haka a matse ta sosai.

Yawancin kayanmu ta kago suke tafiya. A wancan lokacin jiragen Badr da Tarco suna sauka filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma akwai dillalai da ke tara kayan mutane su auna da kilo, wakilinsu a Kano ya fanso ya raba. A nan humra take samun hanya, wurin waɗanda suka san yadda ake shirya ta da takardunta. Amma harka ce ta amana, amana kuwa ba kowa ke riƙe ta ba. Wata shekara na ba wani dillali kwali huɗu, ciki har da kayan gyaran jikin 'yar yayata da za a aurar. Ya karɓi kuɗi ya ba ni rasit, ya rantse jirgin makon nan za su bi. Jirgi ya sauka Kano babu kayan. Na kira shi, ya ce "bukura", gobe ke nan. Goben nan ta kai kwana goma sha ɗaya. Yayata tana kira safe da yamma, mai gyaran jiki ta zo ta zauna babu abin aiki, dangin ango sun fara tambaya. Sai da mai masaukina ya sa jallabiyarsa da rawani ya taka har shagon mutumin, ya zauna ya ƙi shan shayinsa, sannan aka gano ya sauke kayana ya ɗora na wanda ya fi ni biya. Kwalayen sun isa saura kwana biyu kamu. Rasit ɗin bai yi mini komai ba, fuskar dattijon ce ta fito da kayan.

Sai hannun matafiyi, hanyar kakanni da har yau ba ta mutu ba. Kafin yaƙi, a filin jirgin Khartoum da wuya ka shiga layin Kano wani bai matso ya ce, "Alhaji, ɗan saƙo ne, magani ne na tsohuwa" ba. Taimako abu ne mai kyau, amma sharaɗina ɗaya ne: a buɗe a gabana, in ga komai, in ɗauki hoton kayan da mai kayan. Wanda ya ƙi buɗewa ya nemi wani. Mun ga yadda aka tsare wata ɗaliba 'yar Kano a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai bayan watanni aka sake ta. Kaya masu nauyi kuma a lokacin suna bin mota ta tsohuwar hanyar alhazai: Junaina, Adare, Abeche, Njamena, Kusiri, Gamborun Ngala, Maiduguri.

Biyan kuɗi ma da nasa labarin. Takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan a 1997 sai a Oktoban 2017 aka ɗage shi, kuma ko bayan nan katin bankinmu bai zama abin dogaro a can ba. Ka ba wani naira a Kantin Kwari, ɗan'uwansa ya ba ka fam ɗin Sudan a Omdurman, ko ya tura wa dillalinka ta manhajar Bankak.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, a cikin azumi, kasuwa tana tsakiyar cinikin salla. Filin jirgin Khartoum ya rufe a ranar. Gwamnati ta koma Port Sudan. An kwashe ɗaliban Najeriya da motoci zuwa iyakar Masar, wasu ta Port Sudan, da yawansu da 'yar jakar hannu kawai, takardunsu na makaranta suna can. Kayan 'yan kasuwa da ke jiran jirgi a rumbunan dillalai, da yawa ba a sake jin labarinsu ba. An wawashe kasuwar Omdurman, wuta ta ci wani sashe nata, gadar Shambat ta karye a Nuwamban shekarar. Sai a Maris na 2025 soja suka karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin.

Ga wanda zai aika wani abu yanzu, ya fara magana da mai karɓa ya ji a wane gari yake, don yaƙi ya warwatsa mutane, adireshin da ka sani jiya wataƙila kango ne yau. Ya tambayi waɗanda kayansu suka iso cikin watan nan ta hannun wa suka bi. Kada a tara dukiya duka a jigila ɗaya, a raba ta biyu ko uku. Takarda mai muhimmanci a ɗauki hotonta a ajiye a waya kafin ta bar hannu, kuma asalinta kada ta bi kago. Iyaye masu yara a makarantun waje su sa yaran su turo hoton kowace takarda tun ranar da aka ba su.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya sada 'yan'uwanmu na can da iyalansu.